Ga mai tambaya kan karen da aka gano wa sankarar fata da wuri

Ɗan'uwa, ka ce likitan dabbobi ya duba ƙullutun da ya fito a cinyar karenka, ya ce yana zaton sankara ce da ba ta yi nisa ba, kana kuma son sanin ko ana warkewa da irin maganin da ake yi. Na daɗe ina kiwon karnuka, kuma na yi jinyar wannan ciwo, don haka zan ce maka ana warkewa sosai, amma abin ya dogara ne kan nau'in ƙarin da kuma yadda aka yi tiyatar farko.

Ido ba ya tantance ƙari, ko da idon likita ne. Ka nemi a tsira siririyar allura a ɗebi ƙwayoyin ciki a duba a madubin likita, domin ƙullutu da yawa kitse ne kawai. Wanda ya fi yawa cikin miyagun ƙari na fata shi ne ƙarin ƙwayoyin mast, wato wasu ƙwayoyin garkuwar jiki, wanda aka fi gani a karnuka irin Boxer da Pug da Labrador. Yana da yaudara: yau ya kumbura ya yi ja, gobe ya saɓe, mai kare ya ɗauka cizon ƙwaro ne. Sinadarin histamin da yake saki ke jawo haka, har yakan haddasa gyambon ciki, shi ya sa ba a matsa shi, ba a kuma barin kare ya yi ta lasarsa.

A ganina tiyatar farko ita ce komai. Likita ba ƙullutun kaɗai yake cirewa ba, yakan haɗa da lafiyayyar fata kimanin santimita 2 zuwa 3 a kewaye, da shimfiɗar nama ɗaya a ƙarƙashi. Ɗinkin tawa karyar ya yi tsawon da ya ba ni tsoro, amma wannan faɗin ne ya hana ciwon dawowa. Kada ka yarda a zubar da abin da aka cire. A aika shi ɗakin gwaji. Sakamakon zai nuna ko an cire shi kakaf, da kuma matakinsa, wato tsananin haɗarinsa, bisa tsarin Patnaik na 1984 mai matakai uku ko na Kiupel na 2011 mai biyu. Idan matakin ƙasa ne kuma gefuna sun fita tsaf, galibi magana ta ƙare, sai dai a riƙa shafa jikin karen a kai a kai, tunda sabo yana iya fitowa a wani wurin.

Idan an bar saura, akan sake tiyata ko a gasa wurin da hasken na'ura mai kashe ƙwayoyin sankara. Idan matakin sama ne, sai a duba kaluluwa da saifa da hanta, a ƙara da magunguna irin su vinblastine da prednisolone, ko ƙwayar Palladia da Amurka ta amince da ita a 2009. Akwai kuma allurar Stelfonta, wadda aka amince da ita a 2020, da ake yi a cikin ƙarin ya mutu ya faɗi ya bar miki, sai dai ba kowane ƙari ta dace da shi ba.

In gwaji ya nuna irin sankarar da rana ke jawowa ce, wadda ta fi kama fararen karnuka a fatar ciki da wuraren da gashi bai rufe ba, bayan tiyata ka hana shi kwanciya cikin zafin rana. Baƙin ƙari a baki ko gindin farce kuwa ya fi na kan fata haɗari nesa ba kusa ba, ba a jinkiri da shi ko kaɗan.