Ku Tambaya Mu Amsa: Masu Tsere a Kan Ƙanƙara

Duk shekara idan hunturu ya kama, tashoshin waje suka fara nuna wasannin ƙanƙara, saƙonni kan cika mini waya. Na ware waɗanda suka shafi tseren takalmin ƙanƙara na babban fili, sauran sai wani mako idan Allah ya kai mu.

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam. A fadarmu mun kalli wani wasa a tele, mutum biyu cikin matsattsun kaya suna zamiya a kan ƙanƙara, kowane zagaye sai su yi musayar layi. Wanda ya riga isa ya yi ta murna, daga baya muka ga an rataya wa wani daban lambar zinariya. Gardama ta kaure, wasu na cewa maguɗi ne. Yaya abin yake? Daga ɗan kabu-kabu, unguwar Bagalam.

AMSA: Wa alaikumus salam, ƙanena. Ku kwantar da hankali, ba a cuci kowa ba. Biyu-biyu ake sakin su, amma kowannensu da agogo yake tsere. Sai kowa ya gama a jera lokuta, wanda ya fi ƙarancin lokaci shi ne zakara, ko da tun da farko ya yi nasa gudun ya koma benci yana zaman zullumi. Kana iya barin abokin gudunka a baya da nisa ka ƙare na goma.

Filin mita 400 ne, layi biyu. Kwanar layin waje ta fi ta ciki tsawo, shi ya sa a kowane zagaye suke musaya a miƙaƙƙen ɓangaren da ke can baya, kowa ya sha kwanar ciki ɗaya da ta waje ɗaya. Wanda ya tashi daga ciki yana ɗaure da farin ƙyalle a damtse, na waje da ja, kuma idan suka iso wurin musayar tare, mai fitowa daga waje ake ba hanya. A gasar Olamfik maza na yin mita 500, 1000, 1500, 5000 da 10,000, mata kuma 500, 1000, 1500, 3000 da 5000. Bambancin na iya zama abin da ido ba ya gani: a Olamfik ta Soci ta Rasha a 2014, Zbigniew Bródka na Polan, ma'aikacin kashe gobara, ya ci mita 1500 da ratar sakan 0.003 a kan Koen Verweij na Holan.

Musayar layin nan da kuke gani kamar wasa, ita ta jawo abin takaici mafi shahara a wasan. Ranar 23 ga Fabrairu 2010, a gasar Bankuba ta Kanada, Sven Kramer na Holan yana kan gudun mita 10,000, zagaye 25 ke nan, ya kuma yi wa kowa fintinkau. Saura zagaye takwas, kocinsa Gerard Kemkers da ke tsaye bakin fili ya rikice ya nuna masa layin ciki, alhali na waje ya kamata ya shiga. Kramer ya riga ya nufi waje, ya ji muryar koci, ya ɗaga ƙafa ya tsallaka ciki. Ya gama da ratar kusan sakan huɗu a kan na biyu, yana ɗaga hannu, sai aka raɗa masa cewa an soke gudunsa. Ya cire tabarau ya yi jifa da shi. Zinariya ta koma hannun Lee Seung-hoon na Koriya ta Kudu. Kramer ya ci mita 5000 sau uku a jere, 2010, 2014 da 2018, amma har ya yi ritaya zinariyar mita 10,000 ta Olamfik ba ta shiga hannunsa ba. Abin da ya fi burge ni da shi, bai kori kocin ba, tare suka je Soci.

Idan kuna son wanda ake tashi gaba ɗaya a yi ta gogayya, shi ma akwai: zagaye 16 ne, an shigar da shi Olamfik a 2018.

TAMBAYA: Malam, ni mai walda ne a Tibiri. Na zuƙo hoton takalmin a waya, na ga ƙarfen ƙasansa yana rabuwa da dunduniya. Karyewa yake ko haka aka ƙera shi? Kuma don me suke duƙawa su goya hannu a baya?

AMSA: Maigida, idon mai sana'a daban ne. Haka aka ƙera shi. Ƙarfen siriri ne, kaurinsa kusan milimita ɗaya, tsawonsa ya ɗan haura santimita 40, kuma a gaba kawai aka maƙala shi, wajen tushen yatsu, da mahaɗi mai lanƙwasa da sifirin. Idan mai gudu ya tura ƙafa, dunduniya ta ɗaga, ƙarfen na nan manne da ƙanƙara har a gama turawar, sannan sifirin ya dawo da shi ya bugi dunduniya, ƙwas. Da tsohon takalmi mai ƙarfe a kafe, dole mutum ya janye ƙafa kafin ya miƙe idon sawu, in ba haka ba bakin ƙarfen ya caki ƙanƙara ya rage masa gudu.

Wani malamin jami'a a Amsatadam, Gerrit Jan van Ingen Schenau, shi da abokan aikinsa suka ɓullo da shi a shekarun 1980. Manyan ƴan wasa suka yi biris da shi fiye da shekara goma. Sai a kakar 1996 zuwa 1997 matan Holan suka sa shi suka fara kwashe kofuna, nan fa kowa ya bazama nema. A Nagano ta Japan a 1998, Gianni Romme ya zabge sakan 15 daga tarihin duniya na mita 10,000 da Johann Olav Koss na Norwe ya kafa a 1994. Sakan 15 a wasan da ake rabuwa da ƙiftawar ido!

Duƙawa kuwa, iska suke wa. Ƙanƙara ba ta riƙe ƙarfen sosai, iskar da ke bugun jiki ita ke cin mafi yawan ƙarfin mai gudu. Don haka ake duƙawa, a sa kaya masu manne wa jiki har da hular da ke rufe kai, a goya hannu a dogon zango don a adana ƙarfi. A gajeren zango za ka ga suna wurga hannuwa. Saboda iskar nan ne ma yawancin tarihin duniya ake kafa shi a Kalgari ta Kanada da Solt Lek Siti ta Amurka, garuruwa ne kan tudu, sama da mita 1000 daga matakin teku, iskarsu ba ta da kauri. A Solt Lek ne Pavel Kulizhnikov na Rasha ya yi mita 500 cikin sakan 33.61 a 2019. In ka lissafa, ya haura kilomita 53 a awa, kuma daga tsaye ya tashi.

TAMBAYA: Baba, a taswira Holan ƴar mitsitsiya ce. Ta yaya take kayar da Amurka da Rasha a wannan wasa? Daga ɗalibin jami'a, Maradi.

AMSA: Ɗana, girman ƙasar kusan ɗaya ne da jiharmu ta Maradi, mutanenta ma ba su kai na Nijar yawa ba. Duk da haka a Soci, cikin lambobi 36 da aka raba a wannan wasa, 23 Holan ta kwashe, takwas daga ciki zinariya.

Mutane kan ce sanyi ne. Ni ban yarda ba, don Rasha da Kanada sun fi ta sanyi nesa ba kusa ba. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya mai magudanan ruwa ko'ina, tun ɗaruruwan shekaru in ruwan ya daskare a kansa ake tafiya daga gari zuwa gari. Daga nan abin ya shiga jini. A can ne ma aka kafa hukumar wasan ta duniya, ISU, a 1892. Suna da wani tsere na kusan kilomita 200 da ke ratsa garuruwa 11 na lardin Firislan, ba a yin sa sai kaurin ƙanƙara ya kai santimita 15. Tun 1909 sau 15 kacal aka samu yi, na ƙarshe ranar 4 ga Janairu 1997, wanda wani manomin kayan lambu, Henk Angenent, ya lashe. Sarkinsu na yanzu, Willem-Alexander, ya shiga a 1986 yana yarima, da sunan aro.

Ka lura, tun 1997 ruwan bai ƙara daskarewa yadda ake so ba, amma zakarun ba su daina fitowa ba. Dalili, sun gina filayen mita 400 na ƙanƙarar inji fiye da goma, alhali Amurka duk faɗinta rufaffu biyu gare ta. Kamfanoni na biyan ƴan wasa albashi, yara na da kulob a garuruwansu. In ka ga filin Thialf na Herenben ranar gasa, jama'a maƙil cikin kaya ruwan lemo, ga masu bushe-bushe, sai ka tuna filin kokowa na Kantu ranar da ake neman takobi: yaron da ya tashi yana ganin haka ba sai an roƙe shi ya shiga ba.

TAMBAYA: Malam, raba mu gardama. Wa ya fi kowa a tarihin wasan? Daga mai shayi, bakin babbar kasuwa.

AMSA: Ni dai Eric Heiden na Amurka. A Olamfik ta 1980 a Lek Filasid ta Amurka, yana ɗan shekara 21, ya cinye zinariya biyar ɗin maza duka, daga mita 500 har 10,000. Gajeren zango da dogon zango jiki daban suke so, shi ya sa ba a sake ganin haka ba. Daga baya ya yi tseren keke na Faransa a 1986, ya kuma zama likitan ƙashi. In ɗorewa ake magana, Ireen Wüst ta Holan ce: lambobin Olamfik 13, shida zinariya, kuma ta ci zinariyar ƙashin kanta a gasa biyar a jere, 2006 zuwa 2022. Ku kuma sa ido kan Jordan Stolz, wanda ya haɗa mita 500, 1000 da 1500 a gasar duniya ta 2023 yana shekara 18. Wanda ya faɗi gardamar ya biya shayin.

TAMBAYA: Malam, ina wuni. Ɗana mai shekara 12 ya hana ni sakat sai na saya masa takalmi mai taya, wai shi ma zai je Olamfik. Ni kuwa ina ganin yara na kama bayan motoci da shi a kan kwalta, gabana na faɗuwa. Baƙar fata ma na yin wasan ƙanƙarar nan? Daga malamar lakwal, unguwar Zariya.

AMSA: Lafiya lau, Malama, Allah ya raya shi. Suna yi, har sun ci. Shani Davis, haifaffen Shikago, ya ci zinariyar mita 1000 a Turin a 2006, shi ne baƙar fata na farko da ya ci zinariyar mutum ɗaya a Olamfik ta hunturu, ya kuma maimaita a 2010.

Amma labarin da ya fi kusa da ɗanki shi ne na Erin Jackson. A Okala ta jihar Fulorida a Amurka ta tashi, gari mai zafi, kuma da takalmi mai taya ta yi suna. Wata huɗu kacal da fara horo sosai a kan ƙanƙara ta samu gurbin Olamfik ta 2018. Da aka zo zaɓen masu zuwa Bejin a 2022 ta yi tuntuɓe ta ƙare ta uku, gurbi ya kuɓuce. Sai Brittany Bowe, ƴar garinsu wadda ta zo ta ɗaya, ta sakar mata nata. Jackson ta je ta ci mita 500 cikin sakan 37.04, ta zama baƙar mace ta farko da ta ci zinariyar mutum ɗaya a wannan gasa. Kolombiya ma, da ta ƙware a tseren taya, ta tura ƴan wasa biyu wannan fanni a 2018. Turawar ƙafa gefe, duƙawa, tsallaka ƙafa a kwana, duk a kan taya ake iya koyonsu.

Sai dai ba zan yi miki daɗin baki ba. Nijar ba ta taɓa zuwa Olamfik ta hunturu ba. Lambobinmu biyu a ta bazara muka samo su, tagullar Isaka Dabore a dambe a 1972 da azurfar Abdul Razak Alfaga a tekwando a 2016. Jackson da ta so komawa ƙanƙara akwai fili a ƙasarta, ɗanki kuwa sai ya ƙetare teku, da kuɗi masu nauyi da hukumar da za ta tsaya masa. Kada ki kashe masa gwiwa da wannan lissafi yanzu, tseren taya kansa wasa ne mai gasar duniya.

In da hali ki saya masa, ko na gwanjo ne, amma ki duba tayoyin ba su cinye gefe ɗaya ba, kuma takalmin ya kama idon sawu da kyau. Hular kwano da abin kare gwiwa da wuyan hannu su zo rana ɗaya da takalmin, don wuyan hannu ne ke fara karɓar ƙasa in an faɗi. Ya nemi daɓen siminti mai santsi inda mota ba ta shiga, a share yashi tukuna, yashi na tsayar da taya nan take. Batun kama bayan mota ko adaidaita kuwa, ki gaya masa tun a gaban mai sayarwa: ranar da aka gan shi, ranar takalmin zai koma kasuwa.