Tambaya da Amsa: Wane birkin mai ya dace da keken hawan dutse?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da keken hawan dutse wanda ya zo da birkin faifai mai aiki da mai, mai fistin biyu masu danna takalman birki, kuma faɗin faifansa milimita 160 ne gaba da baya. A miƙaƙƙiyar hanya ba ni da kuka da shi, amma idan na shiga doguwar gangara, kafin in kai ƙasa sai yatsuna su gaji, birkin ya fara ƙara, kamunsa kuma ya ragu. Nauyina ya kai kilo 90. Abokaina sun ce in sayi birki mai fistin huɗu. Shin shawararsu daidai ce? Idan kuma zan canza, me ya kamata in duba?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Abokanka ba su yi kuskure ba, sai dai sun fara maka da matakin ƙarshe, alhali akwai matakai a gabansa waɗanda suka fi sauƙi, kuma sau da yawa su kaɗai sukan wadatar. Ƙarar da kake ji, da raguwar kamu, da gajiyar yatsu, duk tushensu ɗaya ne, wato zafi. Aikin birki shi ne ya mayar da gudu zafi, sannan ya miƙa wa iska zafin ta tafi da shi. Idan kai da kekenka kun haura kilo 100, kuka sauko daga tudun da tsayinsa ya kai mita 300, ƙarfin da za a kashe ya kai kimanin kilojul 300, wanda ya isa ya ƙara wa lita ɗaya ta ruwa zafi da kusan digiri 70. Iska da gogayyar taya da ƙasa suna ɗauke wani kaso, amma a gangara mai tsanani wadda ake bi a hankali, mafi yawansa yana ƙarewa ne a kan faifai biyu waɗanda kaurin kowannensu bai kai milimita 2 ba. Saboda haka abin da muke nema shi ne yadda wannan zafi zai sami wurin zama da hanyar fita.

Kafin ka kashe kuɗi, ka lura da yadda hannun birkin yake a daidai lokacin da kamun ya ragu. Idan hannun yana nan da taurinsa, kana matsawa amma keken bai fasa tafiya ba, to matsalar tana wurin takalman birki: ko sun yi zafi fiye da kima, ko fuskarsu ta ƙone, ko maiƙo ya taɓa su. Idan kuwa hannun ya yi laushi yana nutsewa har ya kusa taɓa sandar kan keke, to iska ce a cikin tiyo, ko kuma man ya tsufa har yana tafasa, kuma maganin wannan shi ne a cire iska a zuba sabon mai. Ka zare takalman ka duba su a cikin haske. Lafiyayyen takalmi fuskarsa a dushe take, tana da ɗan kaushi idan ka goga farce, wanda ya ƙone kuwa za ka gan shi sumul yana sheƙi. Mai sheƙin ana iya goge shi da takardar yashi, amma wanda ya sha mai, musamman man da ake fesa wa sarƙa, babu abin da ya fi a yar da shi, domin man yana shiga can ciki ya riƙa fitowa duk lokacin da takalmin ya yi zafi. Faifan kuma a wanke shi da sinadarin aisofurofil (isopropyl alcohol) da tsumma mai tsabta. Kamfanin Shimano yana cewa a canza takalmi idan abin da ya rage a jikinsa ya kai rabin milimita, faifansa kuma idan ya cinye zuwa milimita 1.5, kuma za ka ga mafi ƙarancin kaurin a rubuce a jikin faifan.

Idan duk wannan lafiya lau yake, abu na farko da zan canza shi ne girman faifai, kuma a nan nake son ka fi mayar da hankali, domin milimita 160 a gaba ya yi wa mutum mai nauyinka kaɗan a doguwar gangara. Kamar yadda dogon sifana yake kwance noti da sauƙi fiye da gajere, haka babban faifai yake ba birki rinjaye a kan taya, saboda takalman suna kama shi nesa da tsakiyar hob, wato cibiyar wili. Daga 160 zuwa 180 za ka sami ƙarin ƙarfi na kimanin kashi 12 cikin ɗari ba tare da ka ƙara matsa yatsa ba, daga 160 zuwa 203 kuwa ƙarin ya haura kashi ɗaya cikin huɗu. Bayan wannan, babban faifai ya fi yawan ƙarfe, don haka yana jinkirin ɗaukar zafi, kuma yana da faɗin da iska za ta sanyaya. Saboda wannan dalili ne wasu kamfanoni suka koma yin faifai masu kauri, irin su HS2 na SRAM mai milimita 2, da na TRP mai milimita 2.3, ko da yake ba kowane birki ne yake da sararin da zai karɓi mai kaurin ba.

Abin da ake buƙata domin wannan canji shi ne faifan da kuma adafta, wato ɗan guntun ƙarfen da zai ɗaga gidan fistin ya yi daidai da sabon faɗin. A kula sosai a nan. Kowane fok, wato ƙarfen da ke riƙe tayar gaba, da kowane firam, wato gangar jikin keke, yana da iyakar girman faifan da masu ƙera shi suka amince da shi, kuma ƙetare wannan iyaka yana ɗora wa ƙarfen nauyin da ba a yi shi dominsa ba. Haka kuma Shimano yana yin 203, SRAM kuma 200, kuma adaftar ɗaya ba ta zama daidai a kan ɗayan. Idan aka haɗa su, takalmin zai kama faifan a karkace daga layinsa, ya cinye ya bar baki a gefe. A ganina, idan fok ɗinka ya yarda, ka sa 203 ko 200 a gaba, 180 a baya. Gaban ya fi cancanta da babba, domin duk lokacin da ka ja birki nauyinka yana zubowa ne a kan tayar gaba, ta baya kuma ta yi sauƙi, ta riƙa saurin kullewa tana jan ƙasa.

Na biyu shi ne irin takalmin. Akwai na rezin, wato wanda aka haɗa da wani irin danko, wanda ba ya yawan ƙara kuma yana kamawa tun yana da sanyi, amma yana saurin gajiya da zafi, yana kuma saurin cinyewa cikin laka. Akwai na ƙarfe, wanda ake yi da garin ƙarafa da aka gasa aka danne, wanda yake jure zafi da jiƙa, sai dai ya fi ƙara kuma ya fi cin faifai. Ga mai nauyi da doguwar gangara, na ƙarfe ne zaɓina. Amma ka duba jikin faifanka tukuna, domin wasu faifan Shimano na ƙaramin aji an rubuta musu Resin Pad Only, ma'ana ba a tsara su domin takalmin ƙarfe ba, kuma wasu ƙananan birkunan ma kamfanin bai yi musu takalmin ƙarfe ba sam.

Yanzu sai mu zo ga shawarar abokanka. Birkin mai yana aiki ne da ƙaramin fistin a hannu wanda yake tura mai ta cikin tiyo zuwa manyan fistin da ke danna takalma, kuma gwargwadon yadda faɗin na ƙasan ya fi na saman, gwargwadon yadda ƙarfin yatsarka yake ninkuwa. Mai fistin huɗu yawanci yana da jimillar faɗi mafi girma, takalminsa ya fi tsawo, ana danna shi a wuri biyu maimakon ɗaya, gidansa kuma ya fi girma, don haka ya fi ɗaukar zafi. Amfaninsa na haƙiƙa a gare ka shi ne za ka iya riƙe gudun keken da yatsa ɗaya tal, sauran yatsun suna damƙe da sanda, kuma wannan shi ne maganin gajiyar da kake kuka da ita. Idan ka ƙara faifai ka canza takalmi amma har yanzu hannunka yana tsami, to lokacin saye ya yi, kuma kana iya farawa da na gaba kaɗai.

Ba sai ka nemi na ƙoli ba. A jerin Shimano, Deore M6120 mai fistin huɗu ba ya nesa da XT M8120 wajen ƙarfin tsayawa, kuma galibin abin da ya raba su shi ne ɗan nauyi, da maɓallin daidaita nisan hannu ba tare da makulli ba, da takalma masu fukafukan sanyaya. A sauran kamfanoni akwai Magura MT5 da MT7, da SRAM Code, da Hayes Dominion A4, da TRP DH-R Evo, da Hope Tech 4, kuma dukkansu za su iya da nauyinka. Inda suka bambanta shi ne yadda suke ji a yatsa. Na Shimano masu tsarin Servo Wave, wanda yake sa takalma su isa faifai da sauri, suna kamawa da wuri kuma da kaifi, na SRAM kuwa an san su da shigowa sannu a hankali, abin da wasu suke so a kan tsakuwa ko ƙasa mai santsi. Wannan ba abu ne da takarda za ta zaɓar maka ba, don haka ka roƙi abokan nan naka su ba ka kekunansu ka gwada a gangara, kuma ka fifita wanda za ka riƙa samun takalmansa da mansa cikin sauƙi.

Kafin ka biya kuɗi, ka tabbatar da irin mazaunin birkin da ke jikin fok da firam. Mafi yawan kekunan dutse na yanzu suna da wanda ake kira Post Mount, mai tazarar milimita 74 tsakanin ramukansa, tsofaffi kuma suna da wanda ake kira IS (International Standard) mai tazarar 51. Ka duba ko hob ɗinka mai kusoshi shida ne na ɗaure faifai ko Center Lock mai ɗaure shi da zobe ɗaya, ka auna tsawon tiyon baya, ka kuma duba ko hannun canza giya yana da maɗaurinsa ko a jikin tsohon birkin yake rataye. Idan tiyon ta cikin firam yake bi, dole a raba shi da hannun a sake haɗawa da sababbin 'yan ƙarafan baki, sannan a cire iska, aikin da ya fi kyau ka bar wa ƙwararren mai gyara idan ba ka taɓa yi ba. Bayan an ɗaura, ka horar da sababbin takalman: ka ɗauki matsakaicin gudu, ka ja birki har ka koma tafiyar ƙafa ba tare da ka tsaya cak ba, ka maimaita kamar sau ashirin. A gangara kuma ka daina riƙe birki tun daga sama har ƙasa; ka ja da ƙarfi kafin kwana, ka saki ya sha iska. Kada kuma ka manta da taya, domin idan haƙoranta sun cinye, ƙarfin birkin zai ƙare ne a jan ƙasa.

Tambaya: Kekena birkinsa na waya ne wanda yake kama bakin wili. Zan iya mayar da shi na faifai?

Amsa: Sai idan fok da firam suna da mazaunin birkin faifai, kuma hob ɗin yana da wurin ɗaura faifan. Idan babu su, aikin zai ci sabon fok da sababbin wili, firam ɗin kuma ba shi da gyara mai aminci, don haka ba na ba da shawarar yi. Sabuwar waya da takalma masu kyau za su fi maka amfani.

Tambaya: Birkina na Shimano ne, hannunsa ya yi laushi. Zan iya ƙara masa man birkin mota?

Amsa: A'a, Malam, kada ka kuskura. Man birkin keke iri biyu ne, kuma ba sa haɗuwa ko kaɗan. Shimano da Magura da Tektro da TRP suna amfani da man ma'adini, Hope da Hayes da yawancin tsofaffin birkunan SRAM kuma suna amfani da man DOT, irin na mota, ko da yake SRAM ya fito da Maven a 2024 da man ma'adini. Robobin da ke toshe fistin an yi su ne domin iri ɗaya kawai, kuma idan ɗayan ya shiga sai su kumbura ko su lalace, birkin ya maƙale ko ya fara yoyo, mai yiwuwa a tsakiyar gangara. Man DOT yana jan danshi daga iska: DOT 5.1 sabo ba ya tafasa ƙasa da digiri 260, amma idan ya sha ruwa mizanin yana saukowa zuwa 180, shi ya sa ake so a riƙa canza shi kusan duk shekara, kuma yana cin fenti idan ya zuba. Masu birkin DOT su kuma kiyayi DOT 5, wanda na silikon ne, ba ɗaya yake da 5.1 ba. Man ma'adini ba ya jan ruwa, amma duk ruwan da ya samu shiga yana taruwa ne a ƙasa kusa da fistin, inda zafi ya fi yawa, don haka shi ma ana sabunta shi idan ya yi duhu. Irin man da birkinka yake sha yawanci a rubuce yake a murfin ma'ajiyar man da ke jikin hannu. Laushin da kake ji kuwa alama ce ta iska ko yoyo, kuma ƙarin mai kaɗai ba zai kawar da shi ba: a duba bakin tiyo da gefen fistin ko akwai jiƙa, a gyara, sannan a cire iska da man Shimano. Idan kuma ka riga ka zuba na mota, kada ka hau keken har sai an canza hannun da tiyon da gidan fistin gaba ɗaya.