Amsar Kawu kan wanda ya faɗo daga gini a Jidda

Assalamu alaikum jama'a. Ɗana, na saurari saƙonka bayan la'asar, cewa yayanka ya faɗo daga gini a Jidda, ƙugu ya karye, kana tambaya ko zai haɗa kuɗin ta'aminat, wato inshorar ma'aikata ta Saudiyya, da tallafin nakasassu na gwamnati. Allah ya ba shi lafiya, ya sa kaffara ne.

To ka ji. Tallafin nakasassu da damani, wato tallafin gwamnati ga masu ƙaramin ƙarfi, waɗannan na 'yan ƙasa ne. Mai iƙama irinmu, wato baƙo mai takardar zama, kada ya ƙarar da takalminsa a can. Ko ɗan ƙasar ma, a damani sai an lissafa abin da ke shigowa gidansa kafin a ba shi.

Namu shi ne ta'aminat, ɓangaren haɗarin aiki. Kamfani ke biyan kashi 2 cikin 100 na albashi duk wata, ba a cire ko riyal daga aljihun ma'aikaci, kuma baƙo da ɗan ƙasa duk suna ciki. Amma fa akwai wa'adi: shi ya sanar da kamfani cikin kwana 7, kamfani ya kai wa ta'aminat cikin kwana 3. Yau ɗin nan ka je kamfanin, kada ka jira kafili, wato ubangidan da ya ɗauke shi aiki, ya ce "bukura", wato gobe. Takardar asibiti kuma ka duba da idonka, a rubuta "isabat amal", wato rauni a wurin aiki. Ni lokacin da inji ya cinye mini yatsu biyu, wani a ofishinmu ya so a rubuta a gida na ji ciwo, sai da na kafe.

Magani 'yan ta'aminat ne za su biya. Kwanakin da yake jinya yana da albashinsa cikakke, in yana kwance a asibiti a kan kuɗinsu ya koma kashi 75. Bayan nan likitocin lajana, wato kwamitin ta'aminat, su auna nakasar. In ta kai kashi 50, ɗan ƙasa wata-wata ake ba shi, mu kuwa dunƙule ne sau ɗaya, kuma ko nakasar gaba ɗaya ce bai wuce riyal 330,000 ba.

Af, na manta. Da albashin da kamfani ya rubuta musu ake lissafi, ba wanda yake karɓa a hannu ba. Ka buɗe manhajar ta'aminat a wayarsa, ka turo mini abin da ka gani ta gefe, ba a nan cikin jama'a ba.