Madara Tana Wanke Ƙurar Dutse Daga Ƙirji?

Tambaya: Likita, maigidana ya daɗe yana aiki a bakin injin niƙa dutse. Yanzu tari ya ƙi barinsa, ko ɗan tudu ya hau sai haki. Ya ce kada in damu, ai kullum yana shan madara in an tashi aiki, kuma yana ɗaura hankici a hanci. Ni dai hankalina ya ƙi kwanciya.

Amsa: 'Yar'uwa, kina da gaskiya da kika damu. Bakin injin nan na cikin wuraren da ƙura ta fi yawa. Tun daga huda dutse da tashin nakiya ake tayar da ita, amma inda ake niƙa manyan ɓaraguzai su koma tsakuwa, a tankaɗe su girma-girma, nan take tashi yini guda. Ba kuma duk dutse ne ɗaya ba, ya danganta da yawan silika, wato sinadarin cikin dutse da ƙurarsa ke lalata huhu. Dutsen farar ƙasa da marmara silikarsu kaɗan ce, ta dutsen giranit kuwa tana kaiwa kashi 20 zuwa 45 cikin ɗari, dutsen yashi ya haura kashi 70.

Wannan maganar madara ta ishe ni. Wa ya ce madara tana bi ta huhu? Abin sha ciki yake tafiya, ƙura kuwa hanyar numfashi take bi, ba sa haɗuwa ko kaɗan. Ƙurar da ke yin ɓarnar ma ba ita kike gani ta yi masa fari a gira ba. Ƙanana ce ƙwarai, ido ba ya ganinta, hankici ba ya tare ta. Tana shiga can ƙuryar huhu ta zauna, jiki ya yi ta yaƙi da ita har wurin ya zama tabo ya ƙandare. Wannan ita ce cutar silikosis, kuma tabon ba ya warkewa: ba madara, ba jiƙo, ba allurar mai kemis da ke cewa zai "wanke ƙirji". Takan ɗauki shekara 10 zuwa 20 kafin ta bayyana, in ƙurar ta yi yawa ta zo da wuri. Abin takaici, wasu masu wurin su ne ke raba madarar, don ta fi musu araha a kan sa famfon feshin ruwa a bakin inji da sayen takunkumin kirki irin N95 ko FFP3. Su ji tsoron Allah, rayukan mutane ne a hannunsu.

Ki matsa masa ya je asibiti cikin makon nan, ya faɗi aikinsa da bakinsa, a ɗauki hoton ƙirji, a gwada majinarsa. Silika tana buɗe wa tarin fuka ƙofa, shi kuwa tarin fuka ana warkewa. In yana shan taba ya bari. Kayan aikinsa kuma kada ki kakkaɓe su a cikin gida, ki jiƙa su tukuna.