Zobe mai shuɗin tofaz: araharsa alamar jabu ce?

Ƴar'uwa, kin ce a Tawa an tallata miki zoben azurfa mai shuɗin dutsen tofaz, arahar ce ta sa kike ɗari-ɗari. Ki kwantar da hankali, dama ba dutse ne mai tsada ba. Yawancinsa fari ake haƙo shi, a Barazil ko wajen Jos, sai a haska masa hasken nukiliya a gasa shi ya rikiɗe shuɗi. Dutsen na gaske ne, launin kuma ba ya zuba.

Abin tsoro shi ne a sayar miki da kwalba da sunan tofaz. Ki ɗaga shi a rana: in kin ga ƴan kumfa zagayayyu ciki, ajiye shi. Tofaz ya fi kwalba nauyi da sanyi a tafin hannu. Amma ido kaɗai ba ya yanke hukunci, ki nuna wa tsohon maƙerin azurfa kafin ki biya.

Taurin tofaz 8 ne a ma'aunin Mohs mai auna taurin duwatsu daga 1 zuwa 10, duk da haka bugu ɗaya na iya tsaga shi. Don Allah ki cire shi in za ki yi daka! In za a gyara zoben, maƙeri ya ciro dutsen kafin ya sa wuta. Wanki kuwa, ruwan ɗumi da sabulu sun isa.