Hukuncin karo-karo don sayen tikitin cacar Powerball

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina aiki a Amurka. Duk lokacin da kuɗin Powerball suka haura dala biliyan ɗaya, abokan aikina sukan yi karo-karo su sayi tikiti da yawa, in an ci a raba. Sun ce wani kaso na kuɗin tikitin ana kai wa makarantu. Ni kuma na yi niyyar in na samu zan gina masallaci. Ya halatta in sa nawa?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, bai halatta ba. Wannan caca ce, ita ce maisir da Allah Ya ambata a Suratul Ma'ida aya ta 90, Ya haɗa ta da giya da gumaka, Ya kira su ƙazanta daga aikin Shaiɗan, Ya ce a nisance su.

Dubi yadda ake yin ta. Mutum zai ba da dala biyu, ya zaɓi lambobi biyar daga 1 zuwa 69, da guda ɗaya daga 1 zuwa 26, ya sa 'yar takardar a aljihu yana jiran daren da za a fitar da lambobin da suka ci. Ba haja ya saya ba, ba aiki ya yi ba. Ko dai ya tashi da dukiyar jama'a, ko tasa ta tafi. Malaman fiƙihu sun ce duk mu'amalar da mutum ya shiga da kuɗinsa, riba da asara suka rataya a kan sa'a kaɗai, caca ce. Damar cin babbar kyautar ɗaya ce cikin sama da miliyan 292. Dala biliyan 2.04 da tikiti guda ya ci a California a Nuwamba 2022, daga aljihun miliyoyin mutanen da suka tashi a tutar babu aka tara su. Cin dukiyar mutane da ɓarna ke nan, wanda aya ta 29 ta Suratun Nisa'i ta hana.

Maganar makarantu da masallaci ita ce ta fi damuna, domin da ita ake yaudarar mutanen kirki. Larabawan jahiliyya sukan yanka raƙumi, su jefa kibiyoyi goma, bakwai masu kaso, uku babu komai. Waɗanda kibiyarsu ta fito fanko su ke biyan kuɗin raƙumin, waɗanda suka ci kuwa sukan raba wa talakawa naman, suna alfahari da haka. Wato cacar da Alƙur'ani ya sauko ya tarar, har ciyar da mabuƙata ake yi da ita. Duk da haka aya ta 219 ta Suratul Baƙara ta ce akwai amfani a cikinta, amma zunubinta ya fi amfaninta girma, daga baya kuma haramci ya tabbata. Muslim ya ruwaito cewa Allah Mai tsarki ne, ba Ya karɓa sai mai tsarki. Ba a gina ɗakin Allah da irin wannan dukiya.

Karo-karon ma bai sauƙaƙa hukuncin ba, taimakekeniya ce a kan saɓo. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira cewa Manzon Allah (SAW) ya umarci wanda ya ce wa abokinsa ya zo su yi caca da ya yi sadaka. Gayyata kawai ke nan, ballantana zuba kuɗi.

Kada a haɗa wannan da ƙuri'ar da babu wanda ya biya ko kwabo. Ita Annabi (SAW) ya yi ta tsakanin matansa idan zai yi tafiya.

In ka riga ka sa kuɗi, ka janye, ka tuba. In har wani abu ya shigo hannunka, ka cire iya abin da ka zuba, sauran ka ba mabuƙata da niyyar rabuwa da haram, ba neman ladan sadaka ba. Abokan aikinka kuwa, ka faɗa musu cikin mutunci cewa addininka ne ya hana ka.

Wallahu a'alam.