Ku Tambaya Mu Amsa: Shukar tankin kifina sai ruɓewa take

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, dan Allah a taimaka min. Wata biyu ke nan da na sayo tankin kifi na gilashi lita 60 na ajiye a falo, na zuba ƙananan kifin ado da ake kira gofi guda takwas da shuka kala biyu, mai shagon ya ce ɗaya Anubias ce ɗaya kuma Java fern, na binne su da kyau a yashi amma ganyen sai ruwan ɗorawa yake yana narkewa, ga gansakuka ta rufe gilashin kore shar. Fitilar ma ba na kashewa sai in an ɗauke wuta. Ko taki zan sayo?
Daga wata 'yar'uwa, Agege.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya. Ki riƙe kuɗin takinki tukuna, binnewar nan ita ce ta kashe miki shuka. Anubias da Java fern duk suna da wani ɗan kara mai kauri a kwance kamar ɗanyar citta, daga jikinsa ganye da saiwa ke fitowa, to shi wannan karan in ya shiga ƙarƙashin yashi ruɓewa yake. Ki tono su yau ɗin nan, inda ya yi laushi yana wari ki yanke ki yar, sauran ki ɗaure da zare a jikin dutse ko icen tanki, bayan 'yan makonni saiwar za ta kama da kanta. Anubias ma ai 'yar gida ce, a rafukan dajin kudancin Najeriya da Kamaru take fitowa manne da duwatsu cikin inuwa, shi ya sa ba ta son haske da yawa kuma ba ta sauri, ganye ɗaya a wata ma kar ki raina.

Sai maganar fitila, nan ne gansakukar ta samu gindin zama. Awa 6 zuwa 8 a rana ya isa, kuma in tankin na kusa da taga rana na dukansa ki matsar da shi. Ki rage abincin kifin ma, abin da za su cinye cikin minti biyu kawai, ragowar da ke nutsewa ƙasa ita ke ciyar da koren nan. Duk sati ki canza kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan, kar ki juye duka ki wanke tanki da omo kamar kwanon tuwo, wallahi mutane da yawa haka suke kashe kifinsu. In ruwan famfo ne ki sa maganin cire kulorin, in na bohol ne mai tsatsar ƙarfe ki bar shi ya kwana ya kwanta kafin ki zuba.

Abu ɗaya da Legas ta koya mana, da dare shuka ita ma shaƙar iskar ruwan take kamar kifi, to in wuta ta tafi cikin zafin nan filta, wato na'urar tace ruwan, ta tsaya kika ga kifi sun taso sama suna haki, ki ɗebi ruwan da kofi kina zubawa daga sama, ko ki nemi ɗan famfon iska mai batir.

In kina son inuwa ki sa kainuwa biyu ko uku su yi yawo a sama, suna shanye dattin ruwa sosai, amma ki dinga ragewa dan yaɗuwa take ba kaɗan ba. Kuma ban ce ki aiki yara su ɗebo ta kwata ko ta lagun ba, da dodon koɗi da matsattsaku za ta zo miki.